Sayen motoci da kayan aikin ƙananan hukumomi: gasar 'yan kwangila ko a aiki mutum ya sayo?

Dan_Birni:
Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan tunda a cikinmu akwai tsofaffin ma'aikatan kwamin (ƙaramar hukuma) da 'yan kwangila da makanikai. Duk lokacin da ƙaramar hukuma za ta sayi mota, ko ben ta kwasar shara, ko tarakta, sai a ce dole a yi apel dofur: a buga sanarwa, 'yan kasuwa su kawo tayi cikin ambulan, kwamiti ya zauna, a ba wanda ya fi araha. Wata da watanni ana kan abu ɗaya. Daga ƙarshe kayan su zo da tsada fiye da na kasuwa, kuma kafin ka ankara sun kwanta a bayan biro, tayoyi sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Ni a ganina, da za a ɗauki mutum biyu masu amana da makanike guda, a ba su kuɗin su je Kano ko Lome su zaɓo mota mai lafiya, da kuɗin talaka ya fi yin albarka. Wannan doguwar hanyar, wa take karewa?

Dan_Zongo:
Wallahi ka faɗi abin da ke raina. Takarda ta yi yawa, aiki kaɗan.

Tsohon_Sakatare:
Wa alaikumus salam. Ƙanena Dan_Birni, na yi aikin sakatare a wata kwamin ta karkara har na yi ritaya, saboda haka bari in ba ka abin da idona ya gani. Mutum biyun nan masu amana, wa zai zaɓe su? Wanda ke riƙe da kwamin. To ranar da ya zaɓi ɗan yayarsa da abokin cinikinsa, suka dawo da mota suka ce miliyan kaza muka saya, da wace takarda za ka ƙaryata su? Dillalin Lome zai rubuta maka duk farashin da ka ce ya rubuta.

Sannan maganar "a ba wanda ya fi araha" tana buƙatar gyara. Kafin a dubi kuɗi, sai an duba ko tayin ya cika sharuɗɗan da aka rubuta a kundin gasar: irin motar, ƙarfin injinta, nauyin da take ɗauka, garanti, lokacin kawowa, da takardun ɗan kasuwar, wato rajistar kasuwanci, NIF (lambar mai biyan haraji), da shaidar cewa ba ya da bashin lanho. Wanda bai cika ba, ko da rabin kuɗi ya faɗa, gefe ake ajiye shi. A cikin waɗanda suka tsallake ne ake ɗaukar mafi sauƙi. Idan ka ga an kawo gwangwani, koma ka karanta kundin. Ko dai an rubuta shi sakaka yadda kowane tarkace zai shige, ko kuma ranar karɓar kaya an kau da ido.

Kuma ba kowane saye ake yi wa apel dofur ba. Akwai matakan kuɗi da ofishin firaminista ke tsayarwa. Ƙaramin saye ana neman farashi ne daga 'yan kasuwa aƙalla uku, mai ɗan girma yana da tasa hanya mai sauƙi, sai babba a buɗe wa kowa. Tsarin ya samo asali daga ƙa'idojin 2005 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa. An sabunta dokarmu a 2016, aka sake a 2022, hukumar kula da kwangilolin gwamnati da muka sani da ARMP ta koma ARCOP.

Dan_Birni:
Na gode Baba. Amma ba ka taɓa maganar lokaci ba. Ben ta lalace yau, shara ta toshe magudana, sai mu jira?

Tsohon_Sakatare:
Kwana 30 ƙa'idar UEMOA ta ba 'yan kasuwa su shirya tayinsu a gasar cikin gida. Ka ƙara zaman kwamiti da kwanakin da ake bari don mai ƙorafi da sa hannun masu binciken kuɗi. Abin da ke cin watanni shi ne a wayi gari rabin shekara ta wuce ba a ko rubuta kundin ba. Doka ta ce tun farkon shekara kowace hukuma ta fitar da jadawalin abin da za ta saya, bisa kasafinta. Kwamin nawa ke yin hakan da wuri?

Makaniken_Dole:
Ni dai ba ɗan boko ba ne, ƙarfe na sani. Baba Sakatare ya ce matsalar tana cikin kundi, kuma gaskiya ya faɗa, don masu rubuta shi ba sa tambayarmu. An taɓa kirana daga wata kwamin a kudancin jiha in duba mota kat-kat (4x4) da aka kawo musu, bayan an riga an sa hannu an karɓa, an ɗauki hoto. Daga waje tana ƙyalli, kujeru da leda a jiki. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashinta da tocila. Sasi duk tsatsa irin ta bakin teku, an shafe ta da baƙin fenti, na sa farce ya ɓare. Na duba robar fedal ɗin birki, ta cinye har ƙarfe ya fito, amma kwantar tana nuna ɗan kilomita kaɗan. Na buɗe murfin mai, baƙin datti ya daskare a ciki. A takarda "sabuwa" aka rubuta. Da an kira ni kafin sa hannu, wannan duban ba zai wuce shan shayi ɗaya ba.

Abu na biyu, ƙasarmu yashi ce da ƙura da zafi. Motar da aka ƙera don titin Turai, komai nata na kwamfuta, in ta shiga hanyar Tanut ko ta Gure a bazara, wata ɗaya fitilu sun cika allo. Piyes ɗinta babu a Kasuwar Dole, babu a Kano, sai an yi odar. Hilux ko Land Cruiser kuwa, ko a ƙauye ta tsaya, yaron garaji zai tayar da ita. Me ya sa ba za a rubuta ƙarara a ce Toyota muke so ba?

Dalibin_Doka:
Malam Makanike, doka ta hana a ambaci sunan kamfani ɗaya a kundi, sai in an ƙara da "ko makamancinsa", don kada a ɗinka rigar daidai jikin mutum ɗaya. Amma duk abin da ka lissafa ana iya sa shi a matsayin sharaɗi: mota mai jure ƙura da zafi, tsayinta daga ƙasa kaza, injin gazuwal, shekarar ƙira, takardar izini daga kamfanin da ya ƙera, wajibcin samun piyes a cikin ƙasa da garajin da zai kula da ita lokacin garanti. In an rubuta haka, mai tarkace ba zai ma sayi kundin ba.

Makaniken_Dole:
To ashe akwai hanya. Sai dai a riƙa kiran masu sana'ar tun ana rubutun.

Hajiya_Mai_Kwangila:
Salamu alaikum. Na ga ana ta maganar tsada kamar mu 'yan kwangila ne muke zuba riba yadda muka ga dama. Dan_Birni, ɗana, zo mu yi lissafi. Ka ce motar tana miliyan 10 a hannun dillali. TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, ita kaɗai 19 cikin ɗari ce, miliyan 1 da jika 900 ke nan. Ga duwan na gaskiya, ba na bayan fage ba, don hukuma ba ta karɓar mota sai da cikakkun takardu. Ga kuɗin rajistar kwangila a ma'aikatar lanho. Kafin ma in san ko zan ci, na sayi kundi, na je banki sun ba ni takardar lamuni ta tsakanin 1 zuwa 3 cikin ɗari na tayin, kuma ba kyauta suke ba da ita ba. In na ci, ga wani lamunin na cika aiki da ke kai wa 5 cikin ɗari. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da muke saukewa a Kwatano sai ta Lome, su ratsa Burkina da rakiyar soja, su iso Yamai, sannan a yi kusan kilomita 900 zuwa nan. Kowane kwana a hanya kuɗi ne.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke karya mu shi ne biya. A takarda, kwana 60 ne iyakar jira, bayan nan a biya ka da ƙari. Ni na kai wa wata kwamin babura da kujeru, na yi ta sintiri har takalmina ya san hanyar. Yau ma'aji ya ce asusu babu kuɗi, haraji bai shigo ba, gobe a ce mai sa hannu ya tafi taro. Banki kuwa kowane wata yana lissafa mini nasa. Duk wanda aka taɓa yi wa haka, in zai sake yin tayi sai ya sa kuɗin jiran a ciki. Wasu manyan 'yan kasuwar garin nan ko an roƙe su ba sa shiga harkar kwamin saboda wannan. Ku biya a kan lokaci ku ga ko farashi ba zai sauko ba.

Dan_Zongo:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma ba duka ne irinki ba. Akwai waɗanda ba su da ko shago, jakar hannu ce kamfaninsu.

Mai_Fotokofi:
Dan_Zongo ya taɓo wurin. Baba Sakatare ya ce ƙaramin saye ana neman farashi daga mutum uku. Ni da nake zaune gaban kwamfuta ina buga wa mutane takardu, na ga yadda ukun nan suke haihuwa. Mutum ɗaya zai shigo da baƙar leda. A ciki akwai kashe (hatimi) uku da takardu masu kan kamfani uku. Ya ce buga mini proforma, wato takardar tayin farashi, wannan ka sa kaza, wannan ka ɗara kaɗan, wannan ka ɗara sosai. Har ya ce in canza irin rubutun kowace don kada su yi kama. Ya sa hannu a ɗaya, yaronsa ya sa a ta biyu, ta ukun ya juya alƙalami zuwa hannun hagu. Ni na daina karɓar irin wannan aikin, na ce su nemi wani, amma injin buga takarda ba nawa kaɗai ba ne a gari.

Tsohon_Sakatare:
Abin da ka faɗa yana faruwa, kuma yana da ɗan'uwa: daddatsa saye. Ana buƙatar babura 20, wanda in aka haɗa kuɗinsu dole a buɗe gasa. Sai a sayi biyar a wannan wata, biyar a wata mai zuwa, kowane kashi ya tsaya ƙasa da matakin. Doka ta hana wannan ƙarara, kuma mai bincike da ya san aikinsa cikin sauƙi yake gano shi, ya jera fakti-faktin shekara ya ga abu ɗaya, mutum ɗaya. Proforma uku ma haka, a duba NIF ɗin kowanne da lambar waya da adireshi.

Dan_Birni:
To ai kun dawo kan maganata. In dokar ana zagaye ta haka, amfanin me ta yi? Gara a yi abin a fili, a ce wane ne zai sayo, in ya ci amana a san wanda za a kama.

Malama_Ta_Sabongari:
A'a yaya, ba haka ba ne. Wanda ya ƙirƙiro proforma uku ya bar shaida a kansa, shi ya sa yake ɓoyewa da hannun hagu. In ka soke dokar, abin da yake yi ya zama halal, babu abin tuhuma. Ka tuna binciken ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020, inda aka yi maganar kimanin miliyar 76 na sefa tsakanin ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Da takardun kwangilolin aka gano hakan, aka kwatanta abin da aka rubuta da abin da aka karɓa. Da hannu da hannu aka yi, da wa zai sani?

Bamirye:
Ni tambayata daban ce. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun kwamin aka naɗa kantomomi, wa ke duba kasafin? A da konsaye, 'yan majalisar kwamin, ne ke zama su amince a sayi kaza, kuma ko ba komai ɗan adawa zai ɗaga murya, magana ta fito gari. Yanzu wa zai tambaya?

Dan_Kasa_Na_Gari:
Malam Bamirye, konsayen da kake magana, da yawansu ba su taɓa buɗe kasafin ba, kuɗin zama suke jira. Wasu su ne ma masu kamfanin jakar hannun. Ni a wurinmu na ga an tayar da motocin da suka shekara a kwance bayan zuwan kantoma. Kuma yanzu ga COLDEFF, hukumar yaƙi da masu cin dukiyar ƙasa, mutane na jin tsoro.

Bamirye:
Ban musa ba, wani wuri an ga aiki. Amma in mutumin kirki ya tafi, wani ya zo fa? Tsari nake nema wanda ba ya dogara da halin mutum ɗaya.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a, a tsaya kan maganar saye. Siyasa tana da nata zauren. Kuma kada a kira sunan kowa ko na wata kwamin da zargi, mun sha faɗa.

Yar_Karkada:
Ni ba na cikin masu ilimin doka, uwa ce mai zubar da shara kullum. Ina so in tambaya, dole ne sai babbar mota? Lungunan Birni da na Garin Malam, wace ben ce za ta shiga? Yaran da ke zuwa da amalanke su ne suke ɗauke mana shara, muna ba su ɗan abin da ya samu. Kuɗin ben ɗaya zai sayi babura masu ƙafa uku da yawa, a raba wa unguwanni, matasa su sami aiki, gyaransu kuma kowane mai gyaran adaidaita ya iya. Babbar motar ta tsaya a bakin titi ta kwashe daga inda aka tara. Kafin a yi gardamar yadda za a saya, a tambayi mata abin da ya kamata a saya. Mu muka san inda shara take kwana.

Direban_Ben:
Hajiya ta Karkada, kin yi gaskiya a rabi. Masu ƙafa uku suna da amfani a lungu, amma in babu ben da mashin mai loda mata, duk abin da suka kwaso zai taru ya zama dutse a bakin hanya. Ana buƙatar duka biyun.

Ni kuma abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne abin da ke biyo bayan saye. Na tuƙa motar wata hukuma. An sayo ta lafiya lau, ba laifin ɗan kwangila ko kaɗan. Lokacin bidanj, wato canjin man inji, ya yi, na rubuta takarda, aka ce babu kuɗi a wannan layin. Na sake rubutawa. Filta ta toshe, ina cire ta ina bugawa a taya ina mayarwa. Taya ta mutu, aka ciro ta wata motar da ke kwance aka sa, ita waccan ta ƙara nutsewa. Ranar da injin ya buga, kuɗin gyaransa ya ninka na bidanj sau ban san adadi ba, sai aka tura ta bayan biro. Awakin da Dan_Birni ya gani a ƙarƙashin mota, yawanci haka aka yi suka samu inuwa. Ko daga kamfani ka ɗauko ta da ledarta, in ba a ware kuɗin mai da gyara a kasafi ba, ƙarshenta ke nan. Ga kuma aro: yau biki, gobe kai amarya, jibi ɗaukar yashin ginin wani babba. Littafin da ake rubuta fita da shigar mota, a wurare da yawa babu shi.

Makaniken_Dole:
Direba ya gama magana. Kuma waɗanda suka kwanta ɗin, maimakon a yi gwanjonsu da wuri tun suna da daraja, sai a bar su ana zare musu kaya ɗaya bayan ɗaya. Yau batir, gobe demarar. In an tashi sayarwa sai a kilo.

Tsohon_Sakatare:
Sayar da tsohuwar motar hukuma ma yana da ƙa'ida, sai kwamiti ya duba ya tabbatar ta gama aiki, a yi gwanjo a bainar jama'a, kuɗin ya shiga asusu. Tsoron kada a ce sun sayar wa kansu ne ke sa wasu shugabanni su ƙyale ta ta ruɓe. Wasu kuma da gangan suke bari ta faɗi, don a saya musu ita da arha ta bayan gida.

Dan_Kano_A_Damagaram:
Mu ma a Najeriya muna da dokar sayen kayan gwamnati tun 2007, jihohi kuma kowace da tata. Labarin proforma uku sak irin namu. A Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to yanzu gardamar da ake yi ita ce wa zai sa musu ido in kuɗin ya zo. Amma Dan_Birni, in ka aiko mutanenka Kano su sayi mota, ka sani sai an yi mata duwan a shiga Nijar, ga canjin naira da sefa, kuma babu wanda zai ba ku garanti. In ta lalace a Matamai kan hanyar dawowa, asarar kwamin ce.

Dan_Birni:
Na ji. Amma ku dawo kan gaggawa. Kowa ya ga daminar 2024, har tsohon masallacinmu na Birni ya rushe a watan Satumba. A irin wannan hali, ana buƙatar injin zuƙe ruwa da motar kwasar ƙasa yau-yau. Kwana 30 ɗin Baba ba su da wuri a nan.

Dalibin_Doka:
Doka ta san da wannan, yaya. Akwai ciniki kai tsaye, wanda ake kira gire-a-gire, kuma bala'in da ba a zata ba yana cikin dalilan da aka yarda da su. Sai dai ana neman izinin masu binciken kwangila, a rubuta dalili, a tattauna farashi, kuma a tsaya kan abin da gaggawar ta buƙata. Inda ake samun matsala shi ne a mayar da komai gaggawa. Damina kowace shekara tana zuwa, kowa ya san watanta. Wanda bai sayi injin zuƙe ruwa a rani ba, ya zo a Agusta yana cewa babu lokacin gasa, shi ya jawo gaggawar da hannunsa.

Hajiya_Mai_Kwangila:
Ɗalibi, Allah ya yi maka albarka. A gaggawa kuma farashi ninkawa yake, don mai kaya ya san ba ka da zaɓi.

Dan_Tanut:
Ni ƙorafina shi ne duk babbar kwangila mutanen Yamai ke cinyewa. Sanarwa a jaridar Le Sahel take fita, mu nan kafin mu ji labari kwanaki sun tafi. Ga sharaɗin sai ka nuna ka taɓa yin irin wannan kwangilar a baya. Wanda ba a taɓa ba shi ba, yaushe zai taɓa yi? Ya kamata kwamin ta fifita 'yan jiharta, tunda a nan muke biyan patanti, harajin sana'a.

Dalibin_Doka:
Fifikon da ƙa'idar UEMOA ta tanada na kamfanonin ƙasashen ƙungiyar ne a kan na waje, har zuwa 15 cikin ɗari. Ba za a iya rubuta "ɗan Damagaram kaɗai" a gasar da aka buɗe wa kowa ba. Abin da kwamin za ta iya yi shi ne ta raba sayen kashi-kashi a cikin gasa ɗaya: motoci daban, babura daban, tayoyi da kayan gyara daban. Ƙaramin ɗan kasuwa ya nemi kashin da yake iyawa. Wannan daban yake da daddatsawar da Baba ya yi magana, don a nan jimillar kuɗin ake dubawa kuma komai a fili yake. 'Yan kasuwa biyu ko uku ma suna iya haɗa gwiwa su yi tayi ɗaya. Sannan babu abin da ya hana a karanta sanarwar a gidajen rediyon garin nan da Hausa, a manna ta a allon meri, wato ofishin kwamin.

Dan_Tanut:
Haɗa gwiwar nan ita ce mai wuya a wurinmu, kowa na tsoron ɗan'uwansa. Amma maganar rediyo ta yi.

Hajiya_Mai_Kwangila:
Ku riƙa zuwa buɗe ambulan ma. A bainar masu tayi ake yi, ana karanta sunan kowa da kuɗinsa da ƙarfi, ana rubutawa. Ni ko ban da lafiya sai na aika yarona da biro da takarda. Wanda ya zauna a shago ya ce an riga an raba, shi ya sauƙaƙa musu. In an kayar da kai, kana da hakkin a gaya maka dalili a rubuce. Ka fara kai kuka wurin hukumar da ta yi gasar, in ba ka gamsu ba ka wuce kwamitin sasanta rigingimu na ARCOP. Kwanakin kaɗan ne, in ka yi barci sun wuce.

Dan_Zongo:
Hajiya, wanda ya kai ƙara, zai sake samun kwangila a wurin kuwa?

Hajiya_Mai_Kwangila:
Wannan tsoron shi ke hana da yawa, ba zan ɓoye maka ba. Kowa da yadda ya auna.

Bamirye:
Wata shawara. Injin gyaran hanya ko babbar tarakta, kwamin ɗaya ta karkara ba ta iya saye, in ta saya ma ba ta iya riƙewa. Me zai hana kwamin uku ko huɗu maƙwabta su haɗa kuɗi su yi gasa ɗaya? Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ba da damar irin wannan haɗin kai. Mai sayen da yawa ya fi samun rangwame, kuma idanu sun fi yawa a kan kwamitin.

Direban_Ben:
Shawara mai kyau, sai dai a fara rubuta wa zai riƙe makulli, wa zai zuba mai, wa zai biya in ta lalace a hannun wani. Farkon damina kowa zai so taraktar a mako ɗaya.

Malama_Ta_Sabongari:
Ni abin da zan so, kowane kaya da aka saya a manna takardarsa a ƙofar meri: abin da aka saya, nawa, daga wa, yaushe aka karɓa, su wa suka sa hannu. Tun 2011 muna da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, amma mutum nawa suka taɓa zuwa suka nema? Da Malam Makanike zai ga farashin kat-kat ɗin da ya shiga ƙarƙashinta manne a bango, da magana ta tashi tun ranar.

Dan_Birni:
Na karanta duka. Maganar Direba ta shige ni, don ban taɓa kawo batun bidanj a lissafina ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa hanyar ta yi wa ƙaramar kwamin nauyi. Wadda duk ma'aikatanta ba su cika ɗaki ɗaya ba, wa zai rubuta mata kundin da Ɗalibi yake kwatantawa?

Tsohon_Sakatare:
Akwai samfurin kundi da hukumar kula da kwangiloli ta tanada, cikewa ake yi. Wurin da ake buƙatar gwani shi ne shafin bayanin motar kanta, kuma ma'aikatun fasaha na jiha da na gunduma aikinsu ne su taimaka wa kwamin in ta nema. Lokacin da nake aiki, shafin nan nakan kai wa wani tsohon shugaban garaji ya duba mini kafin in buga.

Makaniken_Dole:
Baba, ranar karɓar kaya fa? Doka ta yarda a sa makanike cikin masu dubawa, ko sai ma'aikata kaɗai?

Tsohon_Sakatare:
Kwamitin karɓa yana iya gayyatar masani ya taya shi dubawa. A sa sunansa a takardar kafa kwamitin tun farko, a biya shi ladan aikinsa daga asusun kwamin, kada ya karɓi ko ruwan sha daga hannun mai kawo motar. In ya ga aibi a rubuta a takardar karɓa kafin kowa ya sa hannu, a ba ɗan kwangila wa'adin gyarawa ko canzawa.

Yar_Karkada:
To ni dai a tuna da masu ƙafa ukun. Wa ya san lokacin da ake tsara kasafin baɗi, mu je da ƙungiyarmu ta mata tun kafin a rufe?